Shago 25 a rana da mota ɗaya: wace manhaja ce za ta jera min hanya?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da tambaya. Yana sarin kayan masarufi a kasuwar Singa, yana raba wa masu shaguna da 'yar ƙaramar motarsa, shago 25 zuwa 30 kullum, tun daga Kurna har Na'ibawa. Ya ce man fetur yana cinye ribar, direbansa kuma ba ya dawowa sai bayan magariba. Ya gwada Google Maps, ta ƙi karɓar fiye da wuri goma, kuma ko goman ma ba ta jera masa su ba. Yana son sanin ko akwai manhajar da zai zuba mata wuraren duka ta faɗa masa inda zai fara da inda zai ƙare, kuma ko sai ya biya kuɗi.

Akwai, Alhaji, kuma ba ɗaya ba. Wasu ma kyauta ne a daidai yawan shagunan da kake zagayawa. Sai dai na yi shekaru ina tsara wa direbobi fita a wani kamfanin rarraba kaya, kuma abin da na gani shi ne zaɓen manhaja shi ne ƙaramin aikin. Babban aikin yana wajen abin da za ka zuba mata. Zan zo kansa, amma bari in fara da abin da ya ɗaure maka kai.

Aiki biyu ne daban kake nema. Ɗaya jagora, wato a nuna wa direba titin da zai bi daga nan zuwa can. Ɗaya kuma jeri, wato a yanke wane shago ne na farko, wane ne na biyu, har zuwa na ƙarshe. Google Maps gwanar na farkon ce. Tana ganin cunkoso a lokacin da yake faruwa, saboda tana lura da saurin wayoyin da ke kan titi, kuma tun 2019 ta fito da tsarin masu babur a Najeriya. Amma ɗan jagora ce da ba ya musu: ka ce mata daga Kurna a tafi Hotoro, a dawo Rijiyar Lemo, a sake komawa Mariri, haka za ta kai ka, ba za ta ce maka Kurna da Rijiyar Lemo maƙwabta ne ba. Iyakarta wuri goma, har da inda ka tashi, kuma kai za ka ja su sama da ƙasa da yatsa. Wata manhajar jagora mai suna Waze ta fi ta rowa, tsayawa ɗaya tak take yarda ka ƙara a tsakani. Taswirar iPhone ta fara karɓar tsayawa wajen 15 daga 2022, ita ma yadda ka jera haka take bi. Ba wayarka ce ta lalace ba, haka aka gina su.

Jerin kuma ba ƙaramin lissafi ba ne. In kana da shago 10, hanyoyin da za ka iya jera su sun kai 3,628,800. In suka zama 15, lissafin ya wuce tiriliyan ɗaya. A kan 25 kuwa ba a ma maganar adadi. Masana lissafi sun daɗe suna fama da wannan matsala. A 1954 wasu masana uku a Amurka, cikinsu har da George Dantzig, suka warware ta ga garuruwa 49, aka ɗauki abin a matsayin gagarumar nasara. A 1959 shi Dantzig ɗin da abokin aikinsa Ramser suka ɗauko irin taka sak: tankokin mai da ke tashi daga defo ɗaya suna raba wa gidajen mai da yawa. Manhajojin yau ba sa gwada kowane jeri, dabaru suke bi su samo wanda ya yi kusa ƙwarai da mafi gajarta, cikin 'yan daƙiƙu.

Abin da yawancin direbobi ke yi da ka shi ne, an gama da wannan shago, sai a tafi wanda ya fi kusa. Da safe abin yana tafiya sumul. Sai wajen la'asar a tarar saura shago uku, ɗaya a Bachirawa, ɗaya a Dakata, ɗaya a Sheka, kowanne a kusurwarsa. An gwada wannan dabara sosai a kwamfuta, kuma a matsakaici takan fi hanya mafi gajarta tsawo da kusan kashi 25 cikin ɗari. Nan ne man ka yake tafiya.

Yanzu ga masu jerin. RouteXL shafin intanet ne na wani kamfani a Holan, yana jera wuri har 20 kyauta, kuma ya fi daɗin aiki a kwamfuta da daddare in kana shirin gobe. Shafin MapQuest na tsara tafiya yana ɗaukar wuri 26. A waya, wadda direbobin kai saƙo suka fi sani ita ce Circuit, da yanzu ta koma Spoke: kyauta har wuri goma, in ya wuce haka sai biyan wata-wata. Abin da ya sa nake sonta ga direba shi ne, bayan ta jera, tana miƙa kowane zango ga Google Maps ko Waze su yi jagora, in ya sauke kaya ya danna an gama, ta buɗe na gaba. Akwai kuma OsmAnd, wadda ke aiki ba tare da data ba da zarar ka sauke taswirar yankinka, kuma tana da wurin da za ka ce ta jera maka tsayawar. Irin su Routific, OptimoRoute da Route4Me na masu motoci da yawa ne, masu son raba kwastoma 200 a tsakanin direba takwas da bin sawun kowa. Da mota ɗaya ba ka da buƙatarsu tukuna, kuma da dala ake biya. Iyakokin nan na kyauta sukan canja, saboda haka ka duba shafin kowacce kafin ka dogara da ita.

In shagunanka 28 ne manhajar kuma 20 take ɗauka, ba matsala ba ce. Raba fitar biyu, ta safe da ta yamma, ka jera kowacce daban. Ko da ma da wuya ƙaramar mota ta ɗauki lodin shago 28 a sahu ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk manhajojin nan an gina su ne a ƙasashen da adireshi ke kai mutum har ƙofar gida: lamba, sunan titi, lambar yanki. Mu kuwa kwatance muke yi. Ka buɗe littafin kwastomominka ka gani: "Malam mai shayi, layin mai unguwa, bayan tiransifoma." "Shagon da ke kallon masallacin Juma'a, in ka wuce famfo." Ka rubuta wa manhaja haka, ko dai ta ce ba ta samu ba, ko kuma, wanda ya fi muni, ta yi shiru ta dasa alama a tsakiyar unguwar. In ka rubuta Dorayi kawai, za ta ajiye ka a wani wuri da ta ɗauka shi ne cibiyar Dorayi, alhali shagon yana can ciki da nisan kilomita biyu. Jerin da za ta yi a kan waɗannan alamomi zai fito tsaf a fuskar waya, a titi kuma ya zama shirme, sai ka ce manhajar ce ba ta da kyau.

Maganin shi ne ka daina ba ta adireshi, ka riƙa ba ta lambobin GPS. Wannan aikin sati ɗaya ne ko biyu, kuma sau ɗaya ake yinsa. Duk shagon da aka je sauke kaya, yaron mota ya tsaya a bakin ƙofa, a fili, ba a ƙarƙashin rumfar kwano ba, domin kwano yana rikita GPS. Ya buɗe Google Maps, ya ɗan jira shuɗin ɗigon nan ya natsu, sai ya danna wurin ya riƙe har jar alama ta fito. Lambobi biyu za su bayyana. Su zai kwafa ya turo maka tare da sunan mai shagon. Wanda hakan ya yi wa wuya, ya turo lokeshan ta WhatsApp daga bakin shagon, kai ka ciro lambobin daga baya. Kada ka yarda da lokeshan ɗin da kwastoma ya turo da kansa sai ka tabbatar a shagon yake. Da yawa daga gida suke turowa da daddare.

A cikin Kano lambar farko za ta fara da 11.9 ko 12.0, ta biyu kuma da 8.4, 8.5 ko 8.6. Ka riƙe wannan, domin in aka juya su, aka sa ta biyu a farko, shagon da ke Tarauni zai tashi ya koma kudancin Adamawa, wajen Ganye, manhaja kuma ta ce maka fitar yau kwana biyu ce. Ka bar alƙaluma biyar bayan ɗigo, wannan ya kai ka kusan mita ɗaya. In ka yanke zuwa biyu, kuskuren zai iya kai rabin kilomita ko fiye. Akwai kuma gajeren lambar da Google ke kira Plus Code, haruffa da alƙaluma da ke nuna fili mai faɗin kusan mita 14. Tana da sauƙin karantawa a waya, amma ba kowace manhajar jeri ke gane ta ba. Lambobin GPS kuwa kusan kowacce tana karɓa.

Duk ka zuba su a tebur ɗaya na Excel ko Google Sheets: sunan shago, unguwa, lambobin biyu, lokacin buɗewa, da minti nawa aka saba ɓatawa a wurin. Wannan tebur ya fi kowace manhaja daraja, domin in wannan ta ƙara kuɗi gobe, ka ɗauke shi ka kai wa wata. Kuma ka riƙe shi a asusunka, ba a wayar direba ba. Jerin kwastomomi shi ne kasuwancin. Direba na iya barin aiki. Lambobin wayar mutane ma ba dole ne ka loda su a shafin da ba ka sani ba, suna da wuri sun isa a yi jeri.

Akwai wani abu da ya sa nake nacewa a kan a tsaya a bakin ƙofa. Manyan titunanmu, titin Zariya, titin Katsina, titin Maiduguri, tagwaye ne, da shinge a tsakiya. In alamar shago ta kauce da mita 20 ta faɗa ɗaya hannun, manhaja za ta ɗauka shagon yana hannun masu fita gari alhali yana hannun masu shigowa. Direba ya iso ya hango shagon a tsallake, sai ya tafi neman wurin juyawa, wani lokaci kilomita guda gaba, sannan ya sake neman wani wurin juyawar don ya koma kan hanyarsa. In hakan ta faru sau huɗu a rana, duk ribar jerin ta tafi. In alamomin suna daidai kuwa, manhaja mai kyau da kanta za ta kwashe shagunan hannun dama a tafiya, ta bar na ɗaya hannun sai a dawowa. Kamfanin kai saƙo na UPS da ke Amurka ya yi suna wajen hana direbobinsa yawan yin kwanar hagu, saboda ita ce ke sa a tsaya jiran motocin da ke tahowa. Tun 1972 mu ma a hannun dama muke tuƙi, don haka lissafin ɗaya ne.

Sai lokaci. Hanya mafi gajarta ba lallai ta zama mafi amfani ba. Mai shayi yana son madara da sukari kafin bakwai na safe, ko kuma sai yamma. Wani shagon ba ya buɗewa sai goma. Wani, yaro ne ke zama da safe, maigidan da zai biya kuɗi sai bayan azahar yake zuwa, in ka je da wuri ka sauke kaya ka tafi da bashi. Manhajojin jeri suna da wurin sa wa kowane shago lokaci, daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Yi amfani da shi, amma ga waɗanda lokacinsu dole ne kaɗai. In ka ɗaure duka 25 da lokaci, ka ɗaure wa manhajar hannu, abin da za ta fitar ba zai fi naka ba.

Ka kuma faɗa mata gaskiyar minti nawa ake yi a kowane shago. Nan mutane suka fi yaudarar kansu. Gaisuwa, sauke katan, ƙirgawa, jiran alat ya shigo, musu a kan ragowar kuɗin wancan satin: da wuya a bar wuri a ƙasa da minti goma. Shago 25 sau minti 12 awa biyar ke nan, mota a tsaye. Ka ga ke nan dawowar direbanka bayan magariba ba lallai laifin hanya ba ne gaba ɗaya. Mai yiwuwa in ka sa kwastomomi su turo odarsu tun daren jiya, aka ware kayan kowa aka rubuta suna, aka kuma loda mota bisa jerin, na shagon ƙarshe can ciki, na farko a bakin ƙofa, lokacin da za ka rage ya fi wanda manhaja za ta rage maka. Ba abin da ke cin rai irin a sauke rabin mota a bakin titi don a ciro buhu ɗaya da ke ƙasa.

Akwai abubuwan da ba manhajar da ta sani. Ba ta san ranar Juma'a daga wajen sha biyu da rabi ana tare tituna a kewayen manyan masallatai ba. Ba ta san Asabar ɗin ƙarshen wata ana tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga sai goma na safe. Ba ta san lungun da take gani a taswira an kafa rumfar biki a ciki ba, ko kwalbatin ya rufta tun daminar bara, ko kuma faɗinsa na adaidaita sahu ne, mota ba ta shiga. Ba ta san fita daga Singa da hantsi ba ɗaya ba ne da fita da sassafe. Direbanka ya sani. Don haka in ta fitar da jeri, ku zauna ku duba tare, in ya ce na bakwai da na takwas a musanya, ka saurari dalilinsa. Direban da aka miƙa wa takarda aka ce bi kawai, zai nemo hanyar nuna maka cewa abin ba ya aiki.

Taswirar kanta ma ba ɗaya ba ce. Wasu manhajojin na Google suke amfani da ita, wasu kuma, irin OsmAnd, na OpenStreetMap, wadda masu sa-kai ke zanawa tun 2004. Arewacin Najeriya ya amfana da aikin zana taswira da aka yi lokacin yaƙi da shan-inna, inda ƙungiyoyi irin su eHealth Africa da ke Kano suka shigar da ƙauyuka da hanyoyi masu yawa. Shi ya sa wani lokaci za ka ga hanyar ƙauye a wannan, babu ita a waccan. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki unguwar da ka sani kamar tafin hannunka, ka ba manhajar shago takwas a cikinta, ka ga ko abin da ta fitar mai hankali ne.

Wani abu kuma da zan so ka yi tun kafin ka taɓa manhajar jeri. Ka loda teburin nan a Google My Maps, kyauta ne, yana ɗaukar layi har 2,000 a shafi ɗaya, zai baza maka duk kwastomominka a kan taswira ka gan su da idonka. Mutane da yawa a nan suke fara gane cewa matsalarsu ba jeri ba ce, rabon kwanaki ne. Kano ta bazu ne a kan manyan tituna da suka fita daga tsakiya: na Katsina da su Kurna, Rijiyar Lemo da Bachirawa; na Haɗeja da su 'Yankaba da Dakata; na Maiduguri da su Hotoro da Mariri; na Zariya da su Unguwa Uku da Na'ibawa; na Gwarzo da su Kabuga da Rijiyar Zaki; sai ɓangaren Dorayi da Panshekara. In kullum motarka tana taɓa duka shida, ba manhajar da za ta cece ka. Ka ba kowane ɓangare launinsa da ranarsa, ko biyu-biyu masu maƙwabtaka, ka sanar da masu shaguna ranar da kake zuwa yankinsu. Kayan masarufi ba burodi ba ne, yawancinsu za su iya jiran kwana biyu.

Lissafin haɗa shaguna a fita ɗaya ma kana iya yinsa da biro. A ce daga sito zuwa shagon farko kilomita 6 ne, zuwa na biyu 7, tsakaninsu kuma 2. In ka je kowanne daban ka dawo, ka yi 26. In ka haɗa su, 6 da 2 da 7, ka yi 15. Ka tsira da 11. Wasu mutum biyu a Ingila, Clarke da Wright, suka tsara wannan dabara a 1964: a lissafa abin da za a tsira da shi ga kowane shago biyu, a fara haɗa masu babbar riba, a ci gaba har mota ta cika. Har yau ana amfani da ita a cikin manhajoji. Kuma in ka zana hanyar yini a taswira ka ga layin ya gitta kansa, kusan kullum akwai gajeriyar da ta fi ta, sai dai in titi mai hannu ɗaya ko lokacin wani kwastoma ne ya tilasta hakan.

Maganar biya kuwa, mitar motarka ce za ta yanke. Rubuta kilomitan da take nunawa safe da yamma na sati biyu yadda kuke yi yanzu, sannan sati biyu da sabon tsari. A ce kun sauko daga 70 zuwa 55 a rana, motar kuma tana cin lita ɗaya a kilomita 8. Kusan lita biyu ke nan kullum, wajen lita 50 a wata. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Sai ka ɗora shi a kan kuɗin watan manhajar bayan ka mai da dala naira. A ganina, in kwastomominka kusan su ne dai kullum, ba ka da dalilin biya: jera kowane ɓangare sau ɗaya a RouteXL, ka buga a takarda, ka riƙa gyarawa in sabon shago ya shigo. Wanda biya ya dace da shi shi ne mai kai saƙon odar intanet, wanda kowace safiya wurarensa sababbi ne, ko kuma kai ɗin in motocinka sun kai uku.

In ka fara fita wajen gari, lissafin yana canjawa. Ranar kasuwa ce ke jera maka tafiya, ba nisa ba: Wudil Juma'a, Dambatta Lahadi, Maigatari Alhamis. Ka sauke taswirar yankin a waya tun daga gida saboda wuraren da sabis ke ɗaukewa. Google Maps tana jagora da taswirar da aka sauke, sai dai ba za ta nuna cunkoso ba. Kuma kada direba ya bi wata gajeriyar hanya ta daji don kawai waya ta ce ta fi sauri da minti 20. Manhaja ba ta da labarin tsaro, a yankuna irin na Birnin Gwari da sassan Zamfara da Katsina kuwa, wannan shi ne tambayar farko. A tasha ake jin wannan labari, wurin direbobin da suka biyo hanyar da safe.

Ka saya wa motar abin maƙala waya a gaban direba da caja mai kyau ta mota. GPS da hasken fuska suna shan batir sosai, wayar da aka bari a kan dashbod cikin ranar Afrilu kuma takan yi zafi ta kashe kanta. In akwai yaron mota, wayar ta zauna a hannunsa, shi ke danna an gama, shi ke kiran shago na gaba ya ce a fito da kuɗi ga mu nan tafe.